Na dawo daga Sudan na shiga fak (jami'a) a gida amma na kasa sabawa, ku ba ni shawara

Ɗan Garwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah waɗanda suka yi karatu a waje suka dawo suka ci gaba a nan Kamaru nake neman shawararsu. Ni a Khartum nake karanta tattalin arziki, komai da Larabci, na kusa shiga aji uku yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ana cikin azumi, muka watse kowa ya yi ta kansa. Na zauna Garwa ina taya Baba zaman shago, ana ta cewa yau za a koma gobe za a koma, da na ga shiru sai na haɗa dosiye na kai wata jami'a tamu ta nan arewa, suka duba relebe ɗina (takardar makin darussan da na yi) suka ce sai dai in koma aji ɗaya. Na karɓa don ba yadda zan yi, amma wlh abin ya fi ƙarfina. Na yi bak (jarrabawar gama sakandare) da Faransanci amma yanzu in malami na dikte kafin in rubuta layi ɗaya ya wuce uku, amfi (babban ɗakin lacca) cike maƙil in ba ka yi sammako ba a baya za ka tsaya ba ka jin komai, a ce kur (lacca) ƙarfe takwas ka biya kuɗin abin hawa ka zo a ce an ɗage kai kaɗai ne ba ka sani ba. Ga yaran ajin duk ƙannena ne, ustaz suke ce min, in na zo sai hira ta mutu. Makin CC ɗina (gwajin tsakiyar zango) na wani darasi ma bai fito a allo ba sam alhali na rubuta. Tunani biyu nake, ko in tafi Njamena inda ake karatu da Larabci ko in haƙura in riƙe shago. Me kuka gani?

Malam Abba Ngaundare:
Wa alaikumus salam ƙanena, sannu da jarabawar da Allah ya ɗora muku, Allah ya zaunar da Sudan lafiya. Ni daga Najeriya na dawo shekarun baya, can da Turanci muka yi, don haka na san zafin sauya harshe da girma. Fara da makin nan tukun don shi ne ba ya jira. Ka rubuta reket (takardar koke kan maki) yau ɗin nan, ka sa sunanka da lambar matrikil da sunan darasin, ka haɗa da kwafin rasit ɗin kuɗin makaranta, ka kai inda ake karɓa ka ajiye kwafi ɗaya a wurinka, don in an rufe lokacin reket magana ta ƙare, kuma CC kashi 30 ne jarrabawar ƙarshen zango 70, in 30 ɗin nan ta salwanta kai wa 10 bisa 20 zai yi maka wuya, sai ka tsinci kanka a ratrafaj (sake zama jarrabawa) kan abin da ka iya.

Maganar ɗage kur kuma, ba kai kaɗai aka ɓoye wa ba, kai ne ba ka cikin hanyar da labari ke bi. A nan komai ta hannun delege (wakilin aji) yake wucewa, shi malami ke kira, shi ke raba poli (takardun darasi da aka buga), shi ke sa sanarwa a gurup ɗin WhatsApp na aji. Ka nemi lambarsa ka gaishe shi da mutunci ko da ka girme shi da shekara biyar ne. A waje kun saba ɗalibin waje yana da ofis mai kula da shi, ga masauki ga abinci, a nan kai ɗan gida ne ba wanda zai bi ka, kai za ka bi takardarka da ƙafarka.

Abu ɗaya da nake so ka rarrabe, ekibalans (tantance takardar waje a daidaita ta da ta gida) da ake yi a ma'aikatar ilimi mai zurfi a Yawunde na wanda ya gama ya karɓi diploma ne, kai da ba ka gama ba fakulte ce ke duba relebe ta ce ga ajin da za ka shiga. Shin ka ba su fassarar relebe ɗin da Faransanci daga hannun mai fassara da hukuma ta yarda da shi, tare da bayanin abin da kowane darasi ya ƙunsa? In Larabcin kawai suka gani ba mamaki su mayar da kai farko.

Maman Hanifa:
Ɗan uwa ni Maroko na yi lisans (digiri na farko) na dawo na shiga mastar a Marwa, kuma gaskiya ni ba aji ne ya fi ba ni wahala ba, gida ne. Can ina da ɗakina da lokacina, nan kuwa ka buɗe littafi a aike ka, biki suna ta'aziyya duk sai ka je in ba haka ba a ce waje ta canja ka. Kai ma na tabbata shagon nan yana cin rabin karatunka ba ka faɗa ba ne. Ka zauna da Baba ka yi masa bayani a tsanake a ware maka ranaku. Sannan shawarar da wata anti ta ba ni ita zan ba ka, ka rage cewa "a Khartum kaza muke yi" a gaban yaran nan, ko da ba da niyyar fariya ba ne su haka suke ji, shi ya sa hira ke mutuwa. Lissafin da ka riga ka yi a can ka zauna ka koya musu kafin CC, su kuma su ba ka kayensu (littattafan da suke rubuta darasi) ka kwafa, a haka na samu ƙawayen da har yau muna tare.

Bashir Kusiri:
Ni ban yarda a ce dole sai ya zauna ba. Mutum ya yi shekara biyu a mayar da shi sifiri kuma a ce ya yi haƙuri? Mu nan Kusiri gadar Ngeli kawai za ka haye kana Njamena, Larabci harshen gwamnati ne a Cadi tare da Faransanci, ga Jami'ar Sarki Faisal da Larabci take koyarwa, ka zo da takardunka ka tambaya da bakinka aji nawa za su ba ka. Abin da ba zan ɓoye maka ba, rayuwa a Njamena da tsada, haya ma kaɗai ta isa, kuma in ka gama kana son aikin gwamnati a Kamaru sai ka bi layin ekibalans ɗin da Malam Abba ya faɗa.

Malam Abba Ngaundare:
Bashir ai nan ne gizo ke saƙar. Konkur (jarrabawar shiga aikin gwamnati) ɗin Kamaru da Faransanci ko Turanci ake rubuta shi, in ya gudu daga Faransanci yau zai same shi a gaba yana jiransa. Lisans shekara 3 ce, kuɗin jami'ar gwamnati sefa dubu 50 a shekara, yana kusa da iyayensa. Larabcin kuma ba asara ba ne, mai tattalin arziki da Larabci da Faransanci ba su da yawa a ƙasar nan. Ni dai a ganina ya gama wannan shekarar ya ga sakamako kafin ya yanke.

Ɗan Garwa:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Malam fassarar relebe na kai amma ban haɗa da bayanin darussan ba don ba ni da shi, sai dai in tambayi abokan da muka yi aji ɗaya ko wani ya fito da nasa. Reket kuma gobe da safe in sha Allah. Anti maganar shago gaskiya kika faɗa, sai bayan isha'i nake samun buɗe kaye. Bashir ka taimaka ka tambayo min ko suna karɓar wanda ya fara a wata jami'a ya ci gaba daga inda ya tsaya, da watan da suke buɗe rajista.

Bashir Kusiri:
Ba damuwa, ranar Litinin zan haye, akwai ɗan unguwarmu da ke karatu a can zan sa ya raka ni ofishin rajista. Ka turo min hoton relebe ɗin ta inbok, gaba da baya.