Gardi ko alaramma, wa ke fitar da mai digiri na uku?

Sadiku: Salamu alaikum. Jiya a wurin walimar ɗan'uwanmu a Aboabo, nan Kumasi, na faɗi wata magana, na ga wasu sun ɓata rai, to bari in maimaita ta kowa ya ji. Ɗalibin da ya riga ka shiga da shekara ɗaya ko biyu ya fi sufabaiza amfani gare ka. Sufabaiza hannu kawai yake sawa.

Rabi: Wa alaikumus salam. Yaya Sadiku, da safen nan? Ko koko ba mu sha ba.

Sadiku: Ƙanwata, kin san ba da ka nake magana ba. Na kai babina na biyu, bitar ayyukan da suka gabata, ya kwana wata biyar a teburin mutumin. Ba zan faɗi makarantar ba, ba zan faɗi sunansa ba. Ranar da ya dawo mini da shi, shafi arba'in da biyu, jan biro a wuri ɗaya tal, a saman shafin farko: ya ce in sake tsari. Wane tsari? Wani yaro ne da ke gabana da shekara guda ya zaunar da ni a bencin mai waake a Ayigya, ya ɗauki biro ya zana mini a bayan takardar fotokwafi. Ya ce na jera marubuta ne kamar masu layin mota a Kejetia, wane ya ce, wane ya ce, ban haɗa su faɗa da juna ba, balle in nuna gurbin da aikina zai cike. Minti ashirin. A mako uku na gyara babin.

Dokta Musa: Sadiku, na ji zafinka, kuma wata biyar zalunci ne, ba na kare shi. Amma wa ya ce maka babin ya gyaru? Yaron, ko wanda ka ce hannu kawai yake sawa?

Sadiku: Dokta, ai ya sa hannun.

Dokta Musa: To sa hannun nan shi ne aikin. Da sunansa kundinka zai tafi gaban mai jarrabawa na waje. Idan aka dawo da shi aka ce hanyar binciken ba ta tsaya ba, ba yaron Ayigya za a kira ofis ba. Sannan ku duba yadda muke. Tun da aka fara sakandare kyauta a Ghana a 2017, rukunin farko suka fito a 2020, azuzuwan digiri na farko suka cika maƙil. Malamin da yake duba kundinka shi ne yake gyara takardun waɗannan, shi ne yake zaman kwamiti, shi kuma ake jira ya wallafa nasa binciken kafin a yi masa ƙarin girma.

Malam Garba: Ni ban yi bokonku ba, ɗiyata ce take yi, shi ya sa aka jefa ni cikinku. Amma abin da kuke ja a kansa mun daɗe da shi a makarantar allo. Kolo ba ya zuwa wurin alaramma a kan kowane wasali. Gardi ne yake biya masa, shi ne yake nuna masa yadda ake feƙe alƙalami da dafa tawada. Sai dai allo ba ya wankuwa sai malam ya saurara ya ce wanke. Na kuma ga gardin da ya biya wa yara goma kuskure ɗaya, duk suka haddace shi daram, muka yi wata biyu muna cire shi daga bakinsu.

Rabi: Baba, wannan kuskuren ni ya faɗa wa. Wata yaya da ta gama mastas ta ba ni kundinta in bi tsarinsa, da kyakkyawar niyya. Ita da bugu na shida na APA, wato ƙa'idar jera manazarta, ta rubuta manazartarta, sashenmu kuwa ya riga ya koma bugu na bakwai da ya fito a 2019. Sai da na kwana uku ina cire sunayen garuruwan maɗaba'a ɗaya bayan ɗaya, don sabon bugun ba ya sa su. Wannan ma mai sauƙi ne. Ta ce in raba takardar tambayoyi tun kafin izinin kwamitin ɗa'a ya fito, wai ita ma haka ta yi. Allah ya sa na tambayi sufabaiza, ta ce duk abin da na tattara kafin takardar izini ba zai shiga kundi ba. MPhil, wato mastas ɗin bincike, shekara biyu ce, ɗaya a aji ɗaya a bincike. Da na bi ta, da na ƙara shekara da kuɗin makaranta.

Sadiku: To amma da malamai suka shiga yajin aiki a farkon 2022, fiye da wata guda, wa ya riƙe mu? Mu biyar muke haɗuwa duk Asabar, kowa ya karanta shafi biyu a yi masa kaca-kaca. Uku daga cikinmu sun gama.

Dokta Musa: Biyun fa?

Sadiku: Ɗaya ni ne, Dokta.

Zainab: Tun ɗazu ina karantawa, ba wanda ya tambayi gardin yadda yake ji. Ni ce yayar da ake turo wa kowa. Duk yarinyar Zango da ta sami gurbin mastas, daga Asawase har Sawaba, sai uwarta ta nemo lambata, ta ce ga ƙanwarki nan amana. Ba a ce wa uwa a'a. Na koya wa mutum bakwai Zotero, manhajar tsara manazarta, na zauna da huɗu a kan SPSS, manhajar nazarin alƙaluma, na karanta furofozal ɗin da ban san adadinsu ba, da datata, da kuɗin motata zuwa Tech Junction. Nawa babi na huɗu yana nan inda na bar shi tun kafin azumi. Abin da ya fi ci mini rai, wasu malamai sun gane muna yi, sai su ce wa sabon ɗalibi je ka ga Zainab tukuna. Su albashi, ni Allah ya saka.

Sadiku: Yaya Zainab, ai kin tabbatar da maganata kenan.

Zainab: Ban tabbatar ba. Ni hanya nake nunawa: wane fom, wane ofis, yaushe ake samun mutum a kujerarsa, yadda za ka tuna masa da aikinka ba tare da ya ji ka raina shi ba. Ranar da yarinya ta tambaye ni ko tambayar bincikenta ta kai ta digiri na uku, ce mata na yi ban sani ba, don ni ma tawa ba a gama auna ta ba.

Nuhu: Yayyena, ni watan jiya na fara. Wa zan bi yanzu?

Rabi: Kada ka sake a ba ka lambar Yaya Zainab.

Dokta Musa: Zainab, idan sashe ne ya turo miki ɗalibi, ki ce a rubuta a takarda, da sunanki da adadin sa'o'i. Ku kai maganar GRASAG, ƙungiyar ɗaliban mastas da digiri na uku ta Ghana, aikinsu ne. Kai kuma Nuhu, duk abin da na gaba ya faɗa maka game da izini ko hanyar bincike, tura wa sufabaizanka saƙo ka tambaya, ka adana amsar.

Sadiku: In ya amsa.

Malam Garba: Sadiku, ranar Juma'a bayan masallaci ka biyo ta gida. Ina so in ji ko sau nawa ka je ofishin mutumin nan da ƙafarka a cikin wata biyar ɗin.