Lise na 'yan Katolika: me ake koya wa yara a kan addini?

Uwar Biyu, Zariya ta Maradi: Salamu alaikum. Ɗiyata ta samu Bepese bana, babanta na so a kai ta lise na mishon don can ba yajin aiki, aji kuma bai cika ba. Surukata ta ce sam, zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Wanda ya yi lakwal ɗin mumpe (limaman Katolika), ko ya sa ɗansa, ya gaya mini abin da ya gani da idonsa.

Ɗan Mokoyo: Wa alaikumus salam Hajiya. Shekara 7 na yi, daga sizyam har tarminal. A ajinmu Kiristoci ba su kai goma ba, yawancinsu 'ya'yan mutanen Benin da Togo da Burkina. Kateshisim, wato darasin addinin Kirista, nasu ne su kaɗai, bayan an tashi. Mu abin da ke haɗa mu shi ne darasin tarbiyya: gaskiya, riƙon amana, haƙƙin maƙwabci. Akwai gicciye bisa allo, ba zan ɓoye miki ba. Akwai kuma butocinmu jere a gindin bedi, da tabarma guda da mai gadi ke ajiye mana.

Inda addini ya shigo mini sosai a darasin filo ne, wato falsafa. Wani mumpe tsoho ya ce mana babban malaminsu Toma Akwinas, na ƙarni na 13, ya karanta Ibn Sina da Ibn Rushd, ya ɗauki wani abu ya yi musu gardama a wani. Ya ce Agustin ma, wani babban malamin nasu, ɗan Afirka ne, an haife shi a 354 a ƙasar da ake kira Aljeriya yau. Na je na tambayi malamina na zaure wane ne Ibn Rushd. Ya yi dariya ya ce, ashe sai mumpe ya aiko ka? Ya ce alƙalin Malikiyya ne a Andalus, mazhabarmu ɗaya.

'Yar Sabon Gari: Inna, ni Kirista ce, bari in faɗi na ciki. Kateshisim hadda ce mai yawa: dokoki 10, sakramenti 7, sunayen littattafan Baibul 73. Na 'yan Furotesta 66 ne, shi ya sa Littafi Mai Tsarki na Hausa da maƙwabtanmu ke riƙewa ba shi muke aiki da shi a aji ba, da Faransanci muke. Mutanen Maradi kan haɗa mu da masu asibitin Galmi da Danja, alhali ba coci ɗaya ba ne. Mu sai a 2001 aka ba Maradi nata bishop, kafin nan ƙarƙashin Yamai muke.

Tauhidin Kirista mai zurfi ba a lise ake yin shi ba, sai wanda ya shiga makarantar zama mumpe. Amma an karanta mana takardar babban taron Vatikan ta 1965, inda aka rubuta cewa coci na duban Musulmi da girmamawa. Ƙawata ce ta nuna mini Suratu Maryam, sura ta 19, ta ce ita kaɗai ce macen da Alƙur'ani ya kira da sunanta. Abin da ban ji daɗi ba shi ne wata masera, wato sistar coci, da ba ta son tambaya. Na ce ta bayyana mini Triniti, wato aƙidarmu ta Allah ɗaya cikin uku, don 'yan ajinmu sun tsare ni da gardama a lokacin shan iska, sai ta ce in haddace in yi shiru. Na koma ban da amsa, ranar har kuka na yi.

Baban Abba, Bagalam: Hajiya, ni tsoron da na yi ba shi ya same ni ba, wani ne daban. Sau ɗaya yaron ya zo yana rera waƙar Nowel, na je wurin direkta, ya ba da haƙuri, aka daina sa su. Ɓarnar tana wurin lokaci. Aikin gida ya cinye Islamiyyar yamma, hadda ta tsaya cik a izu 12 har shekara biyu, ban ma lura ba sai da malaminsa ya tare ni bakin masallaci. Yanzu malam ke zuwa gida bayan asuba. Ku lissafa wannan cikin kuɗin lakwal tun yanzu.

Mushe: Na koyar da lissafi can. A Maris 2025 azumin Ramadan ya haɗu da na Kiristoci na kwana 40, ɗakin mushe-mushe kowa baki bushe, ba mai ba wani labari.

Uwar Biyu, Zariya: Na gode, Allah ya saka. Maganar Baban Abba ce ta fi tsaya mini, don yarinyar tana izu 20. Litinin zan je da kaina in tambayi direkta batun hijabi da sallar azahar. Surukar tawa ma ta ce da ita za a je.