Wai cin zalin yarinta yana bin mutum har girma, ko raki ne kawai?

Alhaji Bappa: Salamu alaikum yan uwa tsofaffin ɗalibai. Ku raba min gardama da uwargida dan Allah. Yarona na CE2, wato aji huɗu na firamare, ya dawo daga ekol jiya yana kuka wai manyan CM2, yan ajin ƙarshe, sun ƙwace masa gato kuma kullum sai sun kira shi kan tulu, shi ke nan uwar ta ɗaga hankalinta wai sai na je na ga direkta, wai ta ji a rediyo irin wannan yana taɓa wa yaro ƙwaƙwalwa har ya tsufa. Na ce mata ba inda za ni. Mu nan Garwa wa bai sha wannan ba? An dake mu a rekire, lokacin fita tara, an tura mu cikin yashin Binuwai, an sa mana sunaye kala kala, ga mu yau da iyali da kasuwa lafiya lau. Wahalar yarinta ita ke gina namiji, wanda ya kai arba'in yana cewa tsokanar firamare na damunsa wlh raki ne kawai yake ji.

Usmanu direba: Gaskiya Alhaji. Yaran yanzu kamar ƙwai. Ni sai da aka cire min haƙori a bakin famfo, washegari na rama, har yau muna gaisawa da mutumin in na bi ta Kusiri

Adda Mairo: Usmanu ai ka faɗi amsar da bakinka, ka ce ka RAMA. Wanda ya iya ramawa faɗa ya yi, ba cin zali aka yi masa ba. Cin zali shi ne wanda aka fi ƙarfinka ko aka fi ka yawa, kuma ba rana ɗaya ba, kullum kullum, kai kaɗai, ba mai shigar maka. Bappa ni shekara 19 ina aikin jinya a Marwa, ka san mutum nawa ke zuwa da ciwon kai da faɗuwar gaba da rashin barci, a auna jini ba zazzaɓin cizon sauro ba taifot ba komai, sai ka zauna da shi ka ja hira a hankali ka ji inda abin ya samo? Ba na ce duka daga makaranta ba ne, a'a, amma akwai su kuma ba kaɗan ba

Alhaji Bappa: Adda da girmanki, wannan ai rayuwa ce ta yi tsada. Wanda bai da kuɗin buhun masara dole gabansa ya faɗi hhhh

Adda Mairo: Toh bari in ba ka wanda ba hira ba. A Birtaniya akwai yaran da aka haifa cikin mako guda a watan Maris na 1958, aka riƙa bin rayuwarsu tun daga haihuwa. Suna shekara 7 da 11 aka tambayi iyayensu ko ana cin zalinsu, yara 7,771. Kashi 28 cikin ɗari ana yi musu jefi jefi, kashi 15 kuma a kai a kai. Masu bincike na King's College a Landan suka fitar da sakamako a 2014, lokacin mutanen sun wuce hamsin. Waɗanda aka ci zalinsu a kai a kai sun fi sauran kamuwa da ciwon damuwa da fargaba da tunanin kashe kai suna shekara 45, a shekara 50 kuma sun fi zama ba abokin zama ba mai taimako, mazan cikinsu sun fi rasa aiki. Shekara arba'in fa bayan an tashi daga makarantar. Wannan raki ne?

Usmanu direba: Turawa ne ai Adda. Su kowa na ɗakinsa shi da karensa. Mu nan akwai dangi akwai majalisa akwai shayi, ina damuwa za ta samu wurin zama

Malam Idi: Usmanu kar ka ce haka. Rahoton UNESCO na 2019 ya ce a duniya kusan ɗalibi ɗaya cikin uku an ci zalinsa a watan da ya wuce kafin a tambaye shi, a ƙasashenmu na kudu da Sahara kuwa abin ya kai kashi 48, mu ne a sama. Ni da ke riƙe da aji mai yara sama da 90 a nan Ngawundare ban yi mamaki ba ko kaɗan, ta ina zan ga abin da ake yi a bencin baya? Kuma majalisar da kake magana ai wani lokaci can ne ake ci gaba da kiran mutum da sunan da ya tsana har ya yi furfura

Nafisa: Ku yi haƙuri iyayena in sa baki, ni ce ƙarama a nan. Adda ina tare da ke amma ba duka ba. Matsalar irin binciken 1958 ɗin shi ne ba za ka iya rantsewa cin zalin ne ya jawo ciwon ba, don sau da yawa yaron da dama can mai tsoro ne, mai shiru, ko gidansu ba lafiya, shi azzalumai suke zaɓa. Kenan wataƙila da ma zai yi fama ko ba a taɓa shi ba. Shi ya sa aka koma kan tagwaye, tunda gida ɗaya ne jini ɗaya. A 2017 an yi da tagwaye fiye da 11,000 a Ingila, aka ga eh wanda aka ci zalinsa ya fi ɗan uwansa fargaba da damuwa, abin gaskiya ne, amma bayan shekara biyar yawancin tasirin ya ragu sosai. Yara suna warkewa fa. Ni tsorona kar mu riƙa gaya wa yaro an gama da kai har abada, wannan ma wata cuta ce

Alhaji Bappa: Yauwa yar boko Allah ya yi miki albarka!! Kun ji ko

Nafisa: Kawu ban fa ce kana da gaskiya ba 😅 Binciken bai ce yana gina namiji ba, ba inda aka ga wanda aka zalunta ya fi ɗan uwansa ƙarfin zuciya. Cewa ya yi yana cutarwa, amma in abin ya TSAYA ana iya farfaɗowa. In bai tsaya ba fa?

Malam Hamidu: Ni abin da ya ba ni mamaki duk kun tafi Landan alhali hukuncin na cikin Suratul Hujurati aya ta 11, Allah ya hana wasu su yi wa wasu izgili, ya hana jifan juna da miyagun laƙubba. Da abu ne mai gina mutum da ba a hana ba. Alhaji kai da kake sahun farko

Alhaji Bappa: Allah gafarta malam ai wasa daban izgili daban. Bafillace da Babarbare kullum suna zagin juna a kasuwa, taubasai ma haka, wa ya taɓa haukacewa?

Malam Hamidu: Wasan Fulani da Barebari kowa na da bakin ramawa, kuma in an gama tare ake dariya a ci goro. Ka taɓa ganin Barebari talatin sun kewaye Bafillace ɗaya ɗan shekara tara suna masa waƙa yana kuka, sannan a ce wasan dangi ne?

Sale tela: Salamu alaikum. Ni ban cika magana a nan ba, tun da aka sa ni a zauren nan karatu kawai nake. Amma yau zan yi, tunda rubutu ne ba baki ba. Yawancinku kun san ina da i'ina. Muna CE1, aji uku, metir wato malaminmu ya ce in tashi in karanta, na maƙale a kalma ɗaya, wani daga baya ya yi ƙarar mashin da ya ƙi tashi, pat pat pat, ajin ya fashe da dariya har shi metir ɗin. Daga ranar sunana ya koma Mobilet. Shekara huɗu. In na shigo aji pat pat pat, in na je sayen ƙosai pat pat pat, hanyar gida ma sai na zaga ta bayan kasuwa don kar in haɗu da ku. Ba wanda ya taɓa dukana fa, ko sau ɗaya, da dukan ne ma da ya fi min sauƙi don ana ganin tabo a kai ƙara. Wannan me zan ce wa babana, ana min ƙarar mashin? Na ci CEP, jarrabawar gama firamare, da kyau, kun sani ina cikin na gaba a lissafi, amma na ce ba zan shiga sizyem, ajin farko na sakandare, ba, na ce wa tsoho ɗinki nake so. Ƙarya ne. Tsoron sabon aji nake, sabbin mutane da za su ji bakina daga farko

Sale tela: Yanzu shekarata 44, ina Njamena, shago na da keke shida da yara masu koyo, alhamdulillahi ba abin da na rasa. Alhaji in ka gan ni za ka ce ga shi lafiya lau. Amma har yau ban taɓa yin magana a taro ba, ɗaurin auren ƙanwata ni ne waliyyi sai da na wakilta wani. In waya ta yi ƙara da baƙuwar lamba sai gabana ya faɗi, in bar ta ta katse in tura saƙo. In na wuce mutane suka yi dariya jikina yana ba ni da ni suke ko da Larabci suke hirarsu ta daban. An kai ni wajen malamai an yi ruƙiya an ce iska ce, na sha rubutu. Ni na san ba iska ba ce, na san ranar da ya fara, na san bencin

Adda Mairo: Innalillahi. Sale ƙanena wlh ina ajin gaba da ku ina ji ana kiran sunan ban taɓa sanin haka abin yake ba. Ni ma na kira. Ka yafe min

Usmanu direba: Kai. Ni na zaci kai ma kana so ne, ai kana murmushi in an faɗa

Sale tela: To me zan yi Usmanu in ban yi murmushi ba, in na yi kuka a ƙara min wani sunan

Malam Idi: Abin da ya fi ci min rai a labarin nan dariyar metir ce. Ranar da babba ya yi dariya ya ba yara lasisi. Dokar ilimi ta Kamaru ta 1998 sashe na 35 ta ce a kare jikin ɗalibi da mutuncinsa, amma mu malamai mun ɗauka bulala kawai ake nufi, alhali wasunmu su ke fara raɗa wa yaro sunan. Kuma ku lura mai ƙarar mashin mutum ɗaya ne, masu dariya su ne ajin gaba ɗaya. A Finlan shirinsu na yaƙi da cin zali a makarantu mai suna KiVa kan yan kallon nan ya fi mai da hankali, don azzalumi kasuwa yake nema, in ba mai saye zai naɗe tabarmarsa. Ni a ajina wanda ya yi dariya shi nake fara tsayarwa kafin mai tsokanar

Nafisa: Kawu Sale na gode da ka faɗa. Kuma bai makara ba fa, irin wannan tsoron shiga mutane ana maganinsa ta hanyar zama da likitan ƙwaƙwalwa ana koyar da kai fuskantar abin kaɗan kaɗan, ba sai wanda ya yi hauka tuburan ke zuwa ba. Matsalar dai likitocin sun yi mana kaɗan, yawanci sai Yawunde ko Duwala. Amma har yanzu ina kan bakana, ba kowa ne abin ke bi har girma ba

Adda Mairo: Ba kowa ba, na yarda. Amma Bappa ta yaya za ka san ɗanka yana cikin waɗanda za su manta ko waɗanda ba za su manta ba? Caca za ka yi da shi?

Usmanu direba: Ni dai har yanzu ina ganin a koya wa yaro ya rama. In ya fasa wa ɗaya baki sauran za su kiyaye shi

Malam Idi: Ɗan CE2 zai fasa wa yan CM2 uku baki? Usmanu kai dai a bar ka da tuƙi

Malam Hamidu: Alhaji Bappa ka yi shiru, kai ka kawo magana

Alhaji Bappa: Ina nan malam. Ina ta rubutawa ina gogewa ne. Sale, benci na uku daga baya ta wajen taga, ni ne. Ni na fara yin ƙarar. Wlh tallahi na manta da abin sam sai yanzu da ka faɗa, a wajena abin minti ɗaya ne. Ban ce na sauka daga maganata duka ba, har yanzu ina ganin yaran yanzu an cika lallaɓa su, amma wannan kam ban san me zan ce ba

Sale tela: Na san kai ne Alhaji. Ban taɓa mantawa ba. Ban faɗi suna ba ne kawai

Alhaji Bappa: Yanzu na duba wayata in kira ka, na nemi Sale ban samu ba. Ashe Mobilet na rubuta a lambar. Na gyara. In na kira za ka ɗauka?

Sale tela: Turo saƙo tukuna. Kuma gobe ka je ka ga direktan nan, ka tafi da yaron, kar ka aiki uwarsa

Alhaji Bappa: Ƙarfe nawa suke buɗewa Malam Idi

Malam Idi: Bakwai da rabi. Ka riga yan CM2 ɗin isa