Wai me ya haɗa cajin waya da caji ofis?

Maman_Khalifa:
Salamu alaikum 'yan uwa, don Allah masu Turanci ku taimaka min. Yarona aka ba aikin gida ya kawo ma'anonin kalmar charge guda biyar da kalmomin da ke kama da ita, ni kuma iyakar sanina cajin waya, sai daga baya na tuna babanmu Allah ya jiƙansa in zai ambaci ofishin 'yan sanda caji ofis yake cewa, to wai kalma ɗaya ce ko kama ce kawai suka yi?

Malamin_Aji:
Wa alaikumus salam hajiya, Allah ya jiƙan baba. Kalma ɗaya ce wallahi, kuma asalinta ɗora kaya take nufi. Turawan Ingila daga tsohon Faransanci suka aro ta wajen ƙarni na 13, bayan Normandawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila da yaƙi a 1066, su ma Faransawan daga Latin suka samo, carricare, wato loda kaya a amalanke, amalanken kuma carrus. Car da cargo da carry duk 'yan gida ɗaya ne da ita. In kika riƙe wannan sauran duk sun zo da sauƙi, mai shago ya ɗora miki kuɗi charge ne, ɗan sanda ya ɗora wa mutum laifi charge ne, daga nan charge office ta fito wato inda ake rubuta tuhuma, bakinmu ya mai da ita caji ofis. Wanda aka ce in charge kuma an ɗora masa nauyin wuri ne. Abin da ke burge ni mu ma haka muke faɗa, an ɗora masa laifi, an ɗora masa nauyi.

Ɗan_Maraɗi:
Gaskiya ne malam, mu nan da muka yi lakwal, wato makaranta, da Faransanci har gobe charger na nufin loda kaya a mota, kuma ita ce dai ta waya.

Injiniya_Sani:
Ƙarin bayani kan na wuta, tun kafin waya ana amfani da ita wajen ɗura wa bindiga albarushi, to da masana irin su Benjamin Franklin suka fara tara lantarki a kwalba wajen 1740 da wani abu sai suka ci gaba da kiran abin haka. Saura ɗaya da ba a faɗa ba, soja ko bijimin sa ya afka wa mutum a guje. Amma hajiya ki ja kunnen yaron, accuse ta laifi ce kawai, bill ta kuɗi, attack ta afkawa, load ta kaya, kar ya cakuɗa su malami zai soke.

Maman_Khalifa:
Allah ya saka da alheri, har sun fi biyar ɗin. Bari ya dawo daga islamiyya mu zauna.