"Dogara ga Allah jari": to ina ribar?

Ɗan Gulbi:
Salama gare ku ƴan'uwa. Wata magana ce ta hana ni barci kwana biyu. Ran Lahadi bayan sujada pasto ya ja ni gefe ya ce akwai wani ƙauye can gaba da Dakoro, gida huɗu ne na masu bi kuma babu mai koya musu ko karatun Littafi, ya ce in yi addu'a a kai ko zan je in zauna in koya musu. Ni kuwa kun san ƴar butik ɗina ta cajin waya da gyara bana ne ta fara tsayawa da ƙafarta, ga maganar aure bayan kaka. Da na gaya ma kawuna sai ya ce tafi kawai ɗana, dogara ga Allah jari. To ni a Maradi na tashi, in an ce jari kowa ya san ka zuba jaka 50 ne ka jira ta haihu. Wannan karin maganar alkawarin arziki ce ko mi?

Mai Gyaɗa:
Ƙanena ai maganar a fili take. Jari ba ya zama jari sai yana kawo riba. Ayuba ya rasa komai amma a ƙarshe ninki biyu Allah ya mayar mishi, tumaki 7,000 suka koma 14,000. Ni da tiya biyu ta gyaɗa na fara ƙuli-ƙuli ina kuka ina addu'a, yau ga shi yara uku na lakkol daga ciki. Bakin da Allah ya tsaga ba ya hana mishi abinci. Ka tafi, zai ninka maka butik ɗin.

Tsohon Mushe:
Ɗiyata na gode ma Allah da abin da ya yi miki, amma kada mu yi ma yaron ga alkawalin da Ubangiji bai yi ba. A Luka sura 9 wani ya zo da zafinshi ya ce zan bi ka duk inda za ka, Yesu bai ce mishi madalla za ka samu ba, ce mishi ya yi yanyawa na da ramu, tsuntsaye na da sheƙa, Ɗan Mutum ba shi da wurin aza kai. A surar dai ya ce mai son bin shi ya ƙi kanshi ya ɗauki gicciyenshi kowace rana. Bitrus da Andarawas taru suka bari bakin ruwa, ban taɓa karanta inda aka ba su jirgi sabo ba.

Ni yadda na fahimci jarin nan, ku duba binne. Manomi ya buɗe rumbu ya kwaso ƴan damman da ya hana ma iyalinshi ci duk rani, ya sussuke, ya tafi ya turbuɗe cikin busasshen rairayi tun sama ba ta yi ko gajimare ba. Wannan iri shi ne jarinshi, kuma ya rabu da shi ke nan, ba ya cikin rumbu ba ya cikin tukunya. Shekarar yunwar da ake kira El Buhari, 1984, ina saurayi na ga mahaifina ya yi shuka sau uku, sau uku tana ƙonewa, ga iyaka rufe ba a shigo da komai daga Jibiya. Da dare ya tara mu ya karanta muna Habakuk 3, ko itacen ɓaure bai yi toho ba, ko gonaki ba su ba da abinci ba, duk da haka zan yi murna da Ubangiji. Muryarshi na rawa, ni kuwa cikina na ƙugi ina jin haushinshi. Bai yi arziki ba har ya rasu, amma ban taɓa ganin mutum mai kwanciyar rai kamar shi ba.

Mai Gyaɗa:
Baba to in haka ne ai kamar an ce bin Yesu wahala ce zalla. Ni ban yarda ba gaskiya, Allahnmu ba mugu ba ne.

Tsohon Mushe:
Ban ce zalla ba ɗiyata. Na ce ba mu ke yanka ma Allah irin ribar da zai biya ba. Ke ya biya ki da lakkol ɗin yara, wani ya biya shi da ƙarfin jimrewa. Waɗanda suka zauna Danja suna wanke gyambon kutare lokacin da dangi ma ke gudunsu, wace riba suka ƙirga da yamma?

Inna ta Zumuntar Mata:
Ku dakata ni ma in sa baki, don duk kun manta da yarinyar mutane. Ɗana ka gaya mata? Ita ma za ta ja guga a rijiya mai gaba talatin fa ba kai kaɗai ba. Yesun da ya ce a ɗauki gicciye shi ne ya ce a Luka 14 mai son gina hasumiya ya fara zama ya yi lissafi. Hausawa da suka ce dogara ga Allah jari su ne kuma suka ce Allah ya ce tashi in taimake ka. Na ga samari sun tafi da zafin taron farkawa, wata shida sun dawo da bashi da ɓacin rai har sujada suka daina zuwa. Bulus da hannunshi ya ɗinka tanti a Koranti yana wa'azi. Kai ma ɗauki pano ɗinka na hasken rana da batir, ƙauye ma akwai waya kuma nesa suke kai caji.

Ɗan Zinder:
Ni dai ƙari ɗaya. Ba sai an bar gari ake fita daga jin daɗi ba. Janairu 2015 da aka ƙone majami'u a Zinder da Yamai, mun yi sujada cikin toka kan tabarma, kuma abin da ya fi mini wuya shi ne washegari in gaida mutanen unguwa da zuciya ɗaya. Wasu maƙwabtanmu Musulmi su suka ɓoye mu cikin gidansu ranar, ba zan manta ba. Wanda ya zauna ya yafe shi ma ya zuba jarinshi.

Ɗan Gulbi:
Na gode iyayena. In faɗi gaskiya ba yunwa nake tsoro ba, Inna ta taɓo wurin. Tsorona babu kuran, wato wutar lantarki, babu rezo na waya, da kuma abokaina su ce wane ya kasa ne ya gudu ƙauye. Kuma ban gaya mata ba tukuna, sati guda ina kewaye-kewaye, wannan laifina ne. Yaya Mai Gyaɗa ni ma ina so ya zama kamar yadda kika ce, amma maganar binnen nan ta Baba ta zauna mini a ƙirji tun ɗazu. Yau da marece zan je gidansu in faɗa mata komai gaban innarta. In ta yarda, ran Asabar ni da pasto za mu hau moto mu je mu ga mutanen mu kwana ɗaya tukun. Inna ki sa mu cikin addu'ar zumunta ta ran Alhamis don Allah.

Inna ta Zumuntar Mata:
An sa ku ɗana. Ka tafi musu da sukari da ganyen shayi, kada ka je hannu rabbana.