Wai jaki na da 'yanci? Rigimar da ta kaure a zauren tsofaffin ɗalibai

Ɗan Gumel: Salamu alaikum. Jama'a abin da na gani yau a wata kasuwar dabbobi ta bakin iyaka ya hana ni cin abinci wallahi. Jakuna aka loda a tirela kamar buhunan gero babu ko wurin juyawa, wani tsoho a cikinsu ya durƙushe sauran suna tattaka shi, yaron mota kuma ya ɗare gefen bodi yana zabga masa gora a fuska wai ya tashi. Na ce ina za a kai su, aka ce kudu, a yanka a feɗe, fatar a tura Chaina a dafe ta a yi wani magani da suke kira ejiao. Kullum muna zagin Turawan nan masu fafutukar kare dabbobi wai ba su da aikin yi, to ni dai yau na yarda sun fi mu gaskiya. Jaki ma yana da 'yancinsa.

Baban Khalifa: 'Yanci?? Hhhh to sai a yi masa katin zaɓe. Kai da kake Najeriya wane 'yanci gare ka balle jaki

Maman Ummi: Allah sarki bawan Allah. Zuciyata ta karye wallahi

Malam Na Tudu: Ɗan Gumel ka gyara kalamanka. 'Yanci na ɗan Adam ne, dabba haƙƙi gare ta. Kuma ba Bature ya koya mana ba. Mace ta shiga wuta saboda kyanwar da ta ɗaure ba ci ba sha, an gafarta wa wani saboda ya shayar da kare, an ce in za ka yi yanka ka wasa wuƙarka ka hutar da abin yankan. Shi kansa dukan fuska da ka gani an hana.

Ɗan Gumel: Malam to ai maganata kenan

Malam Na Tudu: A'a ba ita ba ce. Kai 'yanci ka ce.

Barista: Malam na da gaskiya a nan, kuma su kansu Turawan ba bakinsu ɗaya ba. Akwai masu cewa a yi amfani da dabba amma kar a wahalar da ita, irin Donkey Sanctuary ta Ingila da aka kafa a 1969, su har aiki suke da masu jakuna a ƙauyuka, kuma su suka ce jakuna kusan miliyan 5.9 ake yankawa duk shekara saboda fata. Akwai kuma irin PETA ta Amurka, tun 1980 maganarsu ɗaya ce, dabba ba mallakarmu ba ce, ba ci ba sa fatarta ba gwaji a kanta. Wani masanin falsafa ɗan Ostareliya Peter Singer tun 1975 yake cewa abin dubawa shi ne jin zafi, in akuya na jin zafi to zafinta abin lissafi ne daidai da na kowa. In ka ce 'yanci ka shiga layin waɗannan ne ko ka sani ko ba ka sani ba.

Baban Khalifa: Kun ji ko! Wato ragon layya ma sai mun nemi izininsa. Ɗan Gumel bana kar mu ga hotonka da tsire

Ɗan Gumel: Yaya ni ban ce a daina cin nama ba don Allah a daina sa min magana a baki

Alhaji Mai Taya: Ku yaran nan ba ku san Bature ba. Duk wannan tausayin dabba da Musulunci ake yaƙi. A 2014 Denmak ta hana yanka sai an sumar da dabba tukuna, a watan nan ɗaya kuma gidan zu na Kwafanhagen ya harbe lafiyayyen raƙumin dawa aka feɗe shi a gaban yara aka jefa wa zakuna. Beljiyam ma yankuna biyu sun hana a 2019. Yankanmu ne rashin imani amma nasu ilimi ne ko?

Barista: Alhaji ranka ya daɗe, dokar ta shafi Yahudawa ma, kuma masu kare dabbobin su suka fi kowa yin ca a kan kashe raƙumin dawan nan

Alhaji Mai Taya: Kai dai tun muna makaranta kake kare Turawa. Wanda ya yi karatu da kuɗinsu ai dole

Barista: A Zariya na yi karatu Alhaji

Alhaji Mai Taya: Duk ɗaya

Ɗan Maraɗi: Ku kuna ta gardamar kalma mu tuni muka gama. Tun 2016 Nijar ta hana fitar da jakuna, lokacin da aka ga an fitar da wajen 80,000 shekara ba ta ma ƙare ba, alhali a 2015 duka 27,000 ne. Burkina ma ta hana a shekarar. Tarayyar Afirka sai a Fabrairun 2024 ta biyo bayanmu a Adis Ababa ta hana yanka jaki don fata. Ku kuwa a 2022 kwastan ɗinku suka kama mazakutar jaki 7,000 a filin jirgin Legas za a kai Hong Kong, abin kunya

Baban Khalifa: To jakunan da Ɗan Gumel ya gani daga sama suka faɗo? Ta dajinku ake koro su da dare malam

Ɗan Maraɗi: Wa ke saye? Wa ke da kuɗin? In ba mai saye ba mai korowa

Baban Khalifa: Ku fara biyan kuɗin wutar da muke ba ku tukuna

Ɗan Maraɗi: Wace wuta, wadda ku ma ba ku gani?

Maman Ummi: Ni dai abin da na sani a ƙauyenmu da jaki ake ɗebo ruwa, da shi ake kai taki gona a ɗauko amfani. Yanzu ya yi tsadar da talaka ba ya iya saye, wanda ke da shi kuma a cikin gida yake ɗaure shi saboda ɓarayi, jarkokin nan sun dawo kan 'yan mata, yarinya sai ta yi sawu uku rijiya kafin ta tafi makaranta in ma ta tafi kenan

Malam Na Tudu: Har yanzu Ɗan Gumel bai janye kalmar 'yanci ba fa.

Injiniya: Ni abin da ke ba ni haushi, tirelar shanu da ke tafiya Legas mutane ne zaune a saman katako a kan ƙahonin shanu, in ta kife su mutu da yawa, ban taɓa ganin ɗayanku ya yi rubutu a nan ba. Sai jaki

Ɗan Gumel: To don ana zaluntar mutum sai a ce jaki ya ci gora? Biyun duka ba za a iya magana ba?

Injiniya: A fara da mutum

Baban Khalifa: Ni tambayata ɗaya, naman fa ina yake zuwa? An ce wasu har kilishi suke yi da shi

Sarkin Fawan Zaure: Wa ya ce? Kawo sunan wanda ya ce. Ubana mahauci kakana mahauci, kar ka sake ka ɓata mana sana'a da an ce. Naman jakin gida haram ne kowa ya sani

Baban Khalifa: Ni ban ce kai ba, amma tsarguwar ta mece ce

Sarkin Fawan Zaure: Zo rumfata gobe ka maimaita

Alhaji Mai Taya: To a matsayina na shugaban zaure na rufe maganar nan haka. Abin da aka cimma: kowa ya yarda dabba ba ta da 'yanci, Malam ya kawo hujja ba wanda ya iya ture ta. An kuma tabbatar ƙungiyoyin Turawan nan manufarsu hana yanka da layya, Barista da bakinsa ya faɗa. Maganar Nijar ba ta cikin tsari. Ɗan Gumel yaro ne mai tausayi amma a rage kallon bidiyon Turawa. Baban Khalifa ka ba Sarkin Fawa haƙuri. Duk wanda ya ƙara magana zan cire shi.

Barista: Alhaji ni ban faɗi haka ba

Ɗan Gumel: Ba bidiyo ba ne fa, da idona na gani

Alhaji Mai Taya ya cire Barista