Na ga ledar wiski a jakar ɗana: in gaya wa babansa ko in yi shiru?

Maman Abba, Garwa: Assalamu alaikum iyayena da 'yan'uwa, shawara nake nema. Ɗana na fari shekararsa 16, bana zai zauna jarrabawar BEPC ta gama ƙaramar sakandare. Ranar Asabar na ɗauko jakarsa ta makaranta zan wanke, sai ga 'yan ledojin wiskin nan a aljihun ciki, ɗaya ma ba a fasa ba. Da na tsare shi ya ce na abokinsa ne, can kuma ya fashe da kuka, wai tun hutun Disamba suke sha. Babansa direban tirela ne, Ngaundare zuwa Njamena, sai ya yi wata bai kwana gida ba, ga shi da zafin hannu. Jibi zai dawo. In gaya masa, ko in riƙe a cikina har yaron ya gama jarrabawa? Don Allah ban da maganar tura shi ƙauye, saura wata uku ba zan cire shi daga makaranta ba.

Alhaji Mai Goro: Wa'alaikumus salam. 'Yata, ki tura shi ƙauye wajen kawunnansa ya riƙe fartanya damina ɗaya, zai dawo mutum.

Inna Uwani, Marwa: Alhaji, ƙauyen da ake dafa giyar bilbil duk ranar kasuwa? Daga tukunya ake ɗibarta da ƙwarya. Ke dai ki yanke kuɗin tara da kike ba shi. Nawa ne a rana?

Maman Abba: Sefa 300, Inna, har da kuɗin moto.

Inna Uwani: To ga leda uku nan, dala ashirin-ashirin ce, wato sefa ɗari-ɗari.

Ɗan Moto: Inna an daɗe ba ki leƙa tebur ba. Akwai ta dala goma, ƙarama.

Baban Tagwaye: Wace dala goma? A nan Ngaundare sefa 150 na ga ana sayarwa kusa da tashar jirgin ƙasa.

Inna Uwani: Ɗan Moto, kai ya aka yi ka san farashin haka daki-daki?

Ɗan Moto: Fasinja ke ba ni labari, Inna, ni ko shayi sai an rage ganye 😂

Yaya Babba, Kusiri: Ana maganar rayuwar yaro kuna dariya. Ƙanwata, ki saurare ni. Ƙanena yana da shekara 15 aka kama shi da kwalbar giyar argi. Mahaifinmu, Allah Ya ji ƙansa, ya ɗaure shi a turken awaki ya yi masa dukan da maƙwabta suka shigo ceto, sannan ya ce kar ya ƙara taka masa ƙofa. A ganinsa gyara yake yi. Yaron ya tsallaka gadar Ngeli ya faɗa Njamena, yana wankin mota, yana kwana a tasha. A gida ɓoyewa yake yana kurɓa, yana jin kunyar a gane. A can babu wanda zai ɓoye wa. Ya haɗa da tiramol. Mahaifiyarmu takan ƙulla tuwo ta ba ni in kai masa a asirce, in same shi bai san ni ba. Da ya dawo gida ciki ya kumbura, idanu sun yi ɗorawa, likita ya ce hanta ta tafi. Bai kai talatin ba muka binne shi. Abin da har yau yake ci mini rai, tun kafin a kama shi mun ga alamu: ya daina cin abinci da mu, ya koma taunar cingam da dare, abokansa ba sa shigowa zaure sai dai su yi fito daga waje. Babu wanda ya zaunar da shi ya tambaye shi ko sau ɗaya.

Baban Tagwaye: Allah Ya gafarta masa. Amma Yaya, mu ma an doke mu, ga mu mun zama mutane. Uba ne, dole ya sani.

Yaya Babba: Ban ce a ɓoye ba. Na ce a kula da yadda za a faɗa.

Ma'aikaciyar Jinya, Garwa: Hajiya, tambaya ta farko: wiskin kaɗai ne, ko da ƙwaya? Giya da tiramol in sun haɗu suna danne numfashi, tiramol kuma yana jawo farfaɗiya. Ƙwaƙwalwar yaro ba ta gama nuna ba sai ya haura ashirin, shi ya sa wanda ya fara da wuri ya fi saurin kamuwa. Abin da na gani yana aiki shi ne ki san inda yake tsakanin tashi daga makaranta da magariba, ki san abokansa da iyayensu, a kafa masa doka bayyananniya, kuma ke da babansa bakinku ya zama ɗaya. In kin ɓoye, yaron ya koyi cewa ana iya raba ku.

Alhaji Mai Goro: Yarinya, kin haifa ne? 'Ya'ya goma sha ɗaya na aurar, ba a takarda na koya ba.

Ma'aikaciyar Jinya: Baba, ban haifa ba, amma ni nake karɓarsu da tsakar dare in an kwaso su daga unguwar Yelwa.

Malam Ƙarami: Haramcin giya a fili yake, Suratul Ma'ida aya ta 90. Amma a Bukhari akwai wanda aka sha kawowa kan shan giya, wani ya la'ance shi, Annabi (SAW) ya hana, ya ce yana son Allah da ManzonSa. Maman Abba, ki sami wan mijinki ko limamin unguwa ya zauna a wurin lokacin da za a faɗa. Uba ba ya ɗaga hannu a gaban wanda yake jin nauyi.

Maman Abba: Na gode Malam. Wansa yana Yawunde, liman kuwa ina tsoron zance ya zaga unguwa.

Inna Uwani: Ni abin da ke ƙona mini rai, tun 2014 gwamnatin Kamaru ta ce ta hana wiskin leda, aka yi ta ƙara wa'adi, ga shi har yau a tebur ɗaya da alewa da biskit. Yaro da rigar makaranta zai miƙa kuɗi a ba shi.

Baban Tagwaye: Kuma wa ke sake su a titi? Darasin yamma! Ana karɓar mana jaka biyar, wato sefa dubu biyar, duk wata, malami ya zo yau, gobe babu shi, yara su watse.

Ɗan Moto: Jaka biyar? Mu jaka uku muke biya wa ƙanena.

Baban Tagwaye: Naku ba ajin jarrabawa ba ne. Ga kuɗin ƙungiyar iyaye a kai, ban taɓa ganin an kira mu an karanta mana lissafi ba.

Inna Uwani: An kira taro bara, iyaye maza ko goma ba su zo ba. Kai ka je?